Bayan Labule: Yadda Na Nemi Kujerar Tuba

A okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, ko da makaɗanta sun kai ɗari, mai busa tuba, babban ƙahon tagulla mai murya mafi zurfi, ɗaya ne tak. Masu gogen biyolin kan kai talatin, masu ƙahon turambon uku, masu ƙahon turampet uku ko huɗu, amma kujerar tuba guda ce, kuma wanda ya hau ta ba ya saurin sauka. Arnold Jacobs ya zauna a tasa a okestirar Shikago daga 1944 har zuwa 1988, shekara 44 cur. Saboda haka duk ranar da aka ce wata okestira tana neman mai tuba, kafin gari ya waye labari ya zagaye 'yan sana'ar, kowa ya ɗauko ƙahonsa ya hau shiri. Irin wannan sanarwa ce ta sa ni ma na ɗaura ɗamara.

Ba da tuba na fara ba. A badujalar makaranta yufoniyam aka miƙo mini, ƙanen tuba, wanda in aka warware bututunsa tsawonsa kimanin mita 2.7 ne, rabin na babbar tuba ke nan. Muryarsa mai taushi ce, kusa da ta namiji mai rera waƙa, kuma har yau babu ƙahon da yake taɓa mini zuciya kamarsa. Da na shiga karatun kiɗa gadan-gadan, malamina ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Ɗana, ƙahon nan naka yana da daɗi, amma ba shi da kujera a okestira. In an buƙace shi, galibi ɗaya daga cikin masu turambon ne yake ɗauka ya busa, in an gama ya ajiye. Aikinsa na dindindin yana badujalar soja, sai kuma koyarwa." Na ce, "To Malam, wace shawara za ku ba ni?" Ya ce kada in saki yufoniyam, amma in haɗa da tuba, domin mai ƙaho biyu ya fi mai ɗaya yawan ƙofofi.

Ita tuba ma ba iri ɗaya ba ce. Huɗu ne aka fi amfani da su, kowace da amon da aka gina ta a kai: ta B♭ bututunta kimanin mita 5.5, ta C wajen 4.9, ta E♭ wajen mita 4, ta F kuwa 3.7. 'Yan okestira a Amurka sun fi riƙe ta C, na Jamus ta B♭, ƙungiyoyin ƙahonin tagulla irin na Ingila kuma B♭ da E♭. Mai neman kujera dai da biyu yake zuwa, babba da ƙarama, kuma tarihi ne ya ɗora masa wannan kaya. Sai a 1835 Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar tuba a Balin. Beethoven ya rasu tun 1827, bai taɓa jin muryarta ba. Marubutan kiɗa na tsakankanin lokacin, irin su Berlioz na Faransa, wani ƙaho suka rubuta wa mai suna ofikilaid, siriri ne mai iya hawa sama, wanda tuba ta zo ta ture. Da ya ɓace, abin da aka rubuta masa ya faɗo kan mai tuba, kuma sai da ƙarama ake iya busa shi da tsabta. Wagner da Prokofiev kuwa zurfi da nauyi suke nema, waɗannan sai babba. Na yi shekaru kafin in mallaki duka biyun, na kuma yi wasu shekarun kafin yatsuna su daina rikicewa in na sauya daga ɗaya zuwa ɗaya, domin sauti guda a takarda yatsu daban yake nema a kowace.

Matakin farko na takarda ne. Na aika da tarihin karatuna da wuraren da na taɓa busa, na haɗa da rikodin da suka nema, wanda sharaɗinsa a ɗauke shi a zama ɗaya ba yanke-yanke. Da suka gayyace ni, sai suka turo jerin tsakure. Tsakure su ne 'yan guntayen wurare da ake tsamowa daga manyan kaɗe-kaɗen okestira, inda aikin mai tuba ya fi fitowa fili ko ya fi wuya. Wani ma ba ya kai minti ɗaya. Kusan jeri guda ne yake yawo a duniya, don haka duk waɗanda za su zo sun san su tun suna ɗalibai, kuma kowa ya iya busa su. Kwamitin yana neman wanda za su so zama kusa da shi shekara talatin.

Kowane tsakure da abin da yake tonawa. Na mabuɗin wasan Meistersinger na Wagner yana gwada ko za ka iya rera waƙa da babban ƙaho, domin a wurin tuba ce take ɗauke da karin tare da manyan gogunan bas, har da wata karkarwar sauti wadda take nuna ko yatsunka da iskarka suna tafiya tare. Na sukuwar Valkyrie, shi ma na Wagner, taki yake gwadawa. Sauti uku ne suke ta maimaituwa, dogo, gajere, matsakaici, kuma da gajiya ta shigo sai gajeren ya fara kumbura, takin ya lalace ba ka ankara ba. Na simfoni (dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi) na biyar na Prokofiev, wanda ya rubuta a 1944, huhu yake gwadawa: dogayen jimloli ne a can ƙasa, inda ƙaho yake shanye iskarka kafin ka kai rabin hanya. Na Berlioz gudu ne a sama. Sai kuma kiɗan da Vaughan Williams ya rubuta wa tuba ita kaɗai tare da okestira, wanda Philip Catelinet ya fara busawa a Landan a 1954, shekara 119 bayan haihuwar ƙahon. Da shi ake yawan buɗe gwaji, domin a ji kai wane ne kafin a ji ko ka iya aiki.

Wanda na fi tsoro shi ne wanda ya fi sauƙi a takarda, na kashi na uku na simfonin Mahler na farko. Ɗan kari ne a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, irin wanda yaro zai iya busawa a shekararsa ta biyu. Babu gudu, babu ƙara, babu inda za ka ɓuya. In sautin farko ya fito a makare ko da ƙiftawar ido, an ji. In numfashinka ya yi rawa, an ji. Na yi ta busa shi ina ɗauka a waya ina saurara. Sautukan daidai suke, takin daidai yake, amma abin ba rai, kamar mai karanta wasiƙar da bai san ma'anarta ba. Na daɗe a wannan matsayi.

A duk tsawon shirin nan da koyarwa nake ɗaukar nauyin kaina. Da safe in yi nawa atisayen, da yamma in karɓi yara. Darasin farko ba na ba yaro ƙaho ma. Sai ya koyi shaƙar iska har ƙasan ƙirji ba tare da ɗaga kafaɗa ba, ya koyi fitar da ita da ɗumi da yawa amma ba da ƙarfi ba, irin yadda mutum yake hura wa madubi tururi. Nan tuba ta bambanta da turampet: shi iska kaɗan yake so da matsi mai yawa, ita iska mai yawa take so da matsi kaɗan. Daga nan sai in ba shi bakin ƙahon shi kaɗai, ya koyi sa leɓɓansa su yi karkarwa a ciki. Karkarwar leɓe ita ce sautin. Duk wannan tagulla da ke naɗe a cinyar mutum tacewa da ƙarawa kawai take yi. Wani abin da ke ba yara mamaki kuma shi ne, danna bawul (maɓallan jikin ƙaho da ake dannawa da yatsu) iri ɗaya yana iya ba da sautuka da dama, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Bawul yana zaɓar tsawon bututu ne kawai, leɓe ne yake zaɓar wanne daga cikin sautukan zai fito.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 11 da nake koya wa yufoniyam. Tana da ƙwazo, ba ta fashin atisaye, yatsunta ba sa kuskure, amma in ta zo tsallake daga sauti zuwa na sama sai ta sauka a kan na kusa da shi. Ta gwada, ta sake gwadawa, idonta ya cika da ƙwalla. Na ce ta ajiye ƙahon ta rera mini wurin da bakinta. Ta buɗe baki, sai ga shi ba ta san sautin ba. Muka koma kan fiyano, in taɓa ta rera, in taɓa ta rera, har ya zauna mata a kunne. Ta busa shi a bakin ƙahon shi kaɗai, sannan ta ɗauki yufoniyam, ta sauka a kansa tsaf. Ta dube ni ta ce, "Malam, ai ban canja komai ba." Na ce, "Kin canja, 'yata. Ɗazu yatsunki ne kawai suka san inda za ki, yanzu kunnenki ma ya sani."

Wannan ba hikimata ba ce. Koyarwar Arnold Jacobs ce, mai tuban Shikagon nan, wadda malamina ya sha nanata mini. Jacobs ya yi fama da asma, ya zurfafa cikin nazarin yadda huhu yake aiki, yana auna numfashin ɗalibansa da na'urori irin na asibiti, kuma masu busa iri-iri suna zuwa wurinsa daga nesa, ba 'yan tuba kaɗai ba. Duk da wannan ilimin jiki, abin da ya fi jaddadawa biyu ne: waƙa a cikin kai, da iska. A ganinsa ba a ba tsokar leɓe umarni ɗaya bayan ɗaya. Ka ji sautin da kake so ƙarara a ranka, ka ba shi iska, jiki zai nemo hanya. Na san wannan magana shekara da shekaru, amma sai da na ga ta yi aiki a bakin yarinyar nan na gane zurfinta.

Daren ranar na ɗauko cikakken rubutun simfonin Mahler, wanda yake nuna abin da kowane makaɗi yake yi, ba shafin tuba kaɗai ba. Kafin tuba ta shigo, gangunan timfani suna ta buga sauti biyu a hankali, tamkar takun masu ɗauke da gawa. Gogen bas guda ɗaya ya fara karin, basun (wani dogon abin busa na itace) ya karɓa, sannan masu gogen calo, sannan ni. Wato ba buɗe magana nake yi ba, shiga nake cikin jerin gwanon da ya riga ya taso. Na rera na timfani, na rera na gogen bas, na rera nawa. Da na ɗauki ƙaho, ban busa ba sai da na bar waɗannan duka suka wuce a kaina, kuma sautin farko ya fito da kansa, a kan lokaci, da laushin da na daɗe ina nema. Haka na bi sauran tsakuren ɗaya bayan ɗaya. A gwaji kai kaɗai kake busawa a zauren da babu kowa, amma mutanen da ke saurarenka sun buga waɗannan kaɗe-kaɗe sau ba adadi, suna jin sauran okestirar a kunnensu. In kai ma kana jin ta, nan take za su gane.

Sauran shirin aikin haƙuri ne. Akwai daidaita amo, wanda a tuba ba ya ƙarewa. Bawul na biyu yana sauke sauti da rabin mataki, na farko da mataki ɗaya, na uku da ɗaya da rabi, na huɗu da biyu da rabi. Kowannensu an auna bututunsa ne da tsawon ƙahon in ba a danna komai ba. Da ka danna biyu ko uku tare, ƙahon ya riga ya ƙara tsawo, ƙarin da suke bayarwa ya gaza, sai sautin ya ɗan haura sama. A yufoniyam David Blaikley na kamfanin Boosey a Landan ya magance wannan tun shekarun 1870 da wasu ƙananan bututai da suke cike giɓin da kansu. A babbar tubata kuwa akwai bawul na biyar, sannan hannuna na hagu yana kan bututun ja, in ja in tura ina cikin busa. Na bi kowane tsakure da fensir ina sa alamar inda zan ja da inda zan shaƙi iska, har ya zama ba sai na yi tunani ba. Na riƙa tara abokai su zauna su juya mini baya, su kira tsakure yadda suka ga dama. Wani lokaci in hau matakala da gudu in sauko, sannan in zauna in busa na Mahler zuciyata tana bugawa, domin na san haka za ta buga ranar.

Ranar gwaji na isa da wuri, ƙaho ɗaya a baya, ɗaya ina ja. Aka ba kowa lamba ta hanyar ƙuri'a, daga nan ba ka da suna sai lambarka. Babban ɗakin jira shi ne wuri mafi wuya a ranar. Ko'ina ka juya wani yana busa abin da kai ma za ka busa, kuma a kunnen mai fargaba kowa ya fi shi. Na nemi lungu na yi dogayen sautuka kawai. Da lokacina ya kusa aka kai ni ƙaramin ɗaki ni kaɗai, aka ba ni jerin abin da za a nema a zagayen farko da yadda za su biyo juna.

Mai rakiya ya zo ya ɗauke ni. A bakin dandali ya raɗa mini cewa kada in yi magana. In ina da tambaya in faɗa masa a kunne, shi zai isar. An shimfiɗa darduma daga ƙofa har kujera don kada takun takalmi ya nuna mace ce ko namiji. Tsakanina da kwamitin akwai dogon labule baƙi. Okestirar Boston ce ta fara gwada wannan tsari a 1952, sauran manyan okestirorin Amurka suka bi a shekarun 1970 da 1980, domin a daina ɗaukar mutum saboda fuskarsa ko sunan malaminsa. Ina ganin adalci ne babba. An daɗe ana cewa tuba ba ƙahon mata ba ne, sai ga Carol Jantsch ta ci kujerar okestirar Filadelfiya a 2006 tun ba ta gama jami'a ba. Ina yawan ba 'yan matan da nake koyarwa labarinta.

Zaure ba kowa yana da nasa hali. Bakin tuba sama yake kallo, sautin yana tashi ya bugi rufi ya dawo maka a makare, kuma in ka tsaya jiransa sai ka fara ja da baya. Na busa sauti biyu don in ji wurin, na fara da na Vaughan Williams. Bakina ya bushe ƙamas, amma iskata tana nan. Na sauya ƙaho na yi na Wagner, na yi na Prokofiev. Da na zo na Mahler na rufe ido, na bar timfani ya buga a kaina, gogen bas ya wuce, basun ya wuce, na shiga. Wata murya daga bayan labule ta ce sun gode. Duka abin 'yan mintoci ne. Aka mayar da mu ɗakin jira, can wani ya shigo da takarda ya karanta lambobin da suka tsallake, tawa tana ciki. Waɗanda ba a kira ba suka rufe akwatunansu, wasunsu daga wata ƙasa suka taso.

A zagaye na biyu muryar ta fara tsayar da ni. A sake wannan, amma a rage ƙarfi. A sake wancan, a ɗan ja shi, a gajarta sautukan ƙarshe. Mai sabon shiga yakan ɗauka ya yi laifi ne. A gaskiya alama ce ta sha'awa, suna so su ga ko za ka iya juyawa nan take in jagoran kiɗa ya nema, ko kuwa hanya ɗaya ka haddace. A nan ma koyarwa ta cece ni. Kullum ina busa wa yara jimla guda ta fuskoki daban-daban don su ji bambanci, yau kuma ni ake nema in yi.

Zagayen ƙarshe aka janye labulen. Mu kaɗan muka rage. Aka zaunar da ni a gefen masu turambon uku na okestirar, muka busa wani wuri daga ƙarshen simfoni na shida na Tchaikovsky, inda mu huɗun kaɗai muke riƙe da dogayen sautuka suna dusashewa har su ɓace. A nan ne ake gane mai tuba na gaske. Shi ne harsashin ginin, duk abin da aka ɗora a sama a kansa yake tsayawa. A wani irin haɗi na sautuka uku, na tsakiyar sai an ɗan sauke shi, kimanin kashi 14 cikin 100 na rabin mataki, kafin haɗin ya daina rawa ya zauna. Mai turambon ba zai iya wannan ba sai in na ba shi tushen da ba ya motsi. Ga shi kuma babban ƙaho yana jinkirin amsawa, dole iskata ta riga tasu tashi da ɗan kaɗan don mu fito tare. Na kasa kunne ga numfashin na kusa da ni, mai turambon na bas, na shaƙa tare da shi. Da haɗin farko ya zauna na ji shi a ƙashin ƙirjina. Ban taɓa jin daɗin busa irin na waɗannan daƙiƙu ba.

Wani aka ɗauka. Na ji busarsa ta bayan ƙofa, kuma ya cancanta. Sautinsa ya fi nawa faɗi a can ƙasa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kwanaki ban buɗe akwatin ƙaho ba. Shi ma da aka ɗauka bai huta ba, domin al'adar aikin ita ce a yi shekara ɗaya ko biyu ana gwada mutum kafin a tabbatar masa da kujera, kuma akan yi gwajin da za a tashi ba a ɗauki kowa ba. Kafin in bar wurin, jami'in da ke kula da ma'aikata ya tambaye ni ko zan yarda a sa sunana cikin waɗanda ake kira in an samu giɓi. Na ce na yarda.

Kiran farko na simfoni na tara na Dvorak ne, wanda ya rubuta a 1893. Kiɗan yana ɗaukar kimanin minti 40, kuma sauti 14 kacal ya rubuta wa tuba, duka a kashi na biyu. Wanda bai san aikin ba zai ce hutu ne. Kana zaune kana ƙirga bugu, tagulla tana hucewa a cinyarka, ƙaho mai sanyi kuwa amonsa sauka yake yi, don haka kana hura masa iska mai ɗumi a ɓoye ba tare da sauti ba. Sannan ka shigo a hankali, a daidai, ba tare da ka gwada ba. Kira na gaba kuma saboda yufoniyam ne. A tsarin da Ravel ya yi wa wani kiɗan fiyano na Mussorgsky a 1922, akwai wurin da ake kwatanta keken shanu yana tafe da nauyi, tuba ce take rera karin. Ravel ƙaramar tubar Faransa ta zamaninsa ya rubuta wa, wadda take hawa sama sosai, shi ya sa yau da yawa suke busa wurin da yufoniyam. Sun san ina riƙe da shi, suka kira ni.

Haka sana'ar ta ginu mini, gutsure-gutsure. Ina cike giɓi a okestira, ina busa a ƙungiyar mutum biyar ta ƙahonin tagulla, sannan na samu gurbin koyar da tuba da yufoniyam a wata kwalejin kiɗa, ban kuma saki yaran yamma ba. Ban ɗauki koyarwa a matsayin abin da mutum yake komawa in ya rasa kujera ba. Manyan wannan ƙaho kusan duk malamai ne. Harvey Phillips ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Indiyana, yana bin marubutan kiɗa yana roƙonsu su rubuta wa tuba, kuma yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar masu tuba da yufoniyam ta duniya a farkon shekarun 1970. Yawancin abin da ɗalibaina suke busawa yau bai wanzu ba kafin irin wannan fafutuka.

Ɗaliban kwaleji ina faɗa musu lissafin kujeru tun makon farko, kamar yadda aka faɗa mini, domin ɓoye shi zalunci ne. Ina sa kowa ya koyi ƙaho na biyu. Mai yufoniyam dole ya iya karanta rubutun kiɗa iri biyu, domin ƙungiyoyin tagulla na Ingila da mabuɗin sama (alamar farkon layi da ke nuna yadda za a karanta sautuka) suke rubuta masa, okestira da yawancin badujala kuma da mabuɗin ƙasa. Kowa yana busa atisayen Marco Bordogni, mawaƙin Italiya da ya koyar a Paris a ƙarni na 19, wanda don muryar mutum ya rubuta su, kuma sai ya rera kafin ya busa. Sannan ina tura kowannensu ya koyar da yaro ko da ɗaya ne. Wasu suna gunaguni, suna ganin ɓata lokacin atisaye ne. Ba na sassautawa a kan wannan.

Yanzu haka ɗaya daga cikinsu yana shirin gwajin shiga badujalar soja da yufoniyam. Jerinsa ya bambanta da nawa: kiɗan fareti masu gudu, wurin da Holst ya ba yufoniyam kari shi kaɗai a kiɗan badujalarsa na biyu na 1911, da kashi ɗaya daga kiɗan da Joseph Horovitz ya rubuta wa ƙahon a 1972. Za kuma su ajiye masa takardar da bai taɓa gani ba su ce ya busa nan take, kuma a nan yake da rauni. Mun yi yarjejeniya, kowane darasi zan buɗe masa sabon shafi, in ba shi rabin minti ya duba, ya rera mini layin farko da baki, sannan ya ɗauki ƙaho. Gwajinsa yana ƙarshen zango mai zuwa.